Waƙoƙi Shida da Suka Salwanta

Sutudiyon Injiniya ɗaki ɗaya ne a saman shagon mai sayar da fenti. Sai ka hau matakala, ka sunkuyar da kai saboda wani bututun ruwa da ya gitta, sannan ka tarar da ƙofar ƙarfe da aka liƙa wa soso daga ciki. A ɗakin akwai tebur, da kwamfuta, da sifika biyu, da fiyano na lantarki mai karyayyen maɓalli ɗaya, sai wani lungu da ya killace da katako da barguna, inda mai waƙa ke tsayawa gaban makirufo. Shekara goma sha ɗaya yana wannan sana'a, ba ya ƙarƙashin kowa. Yakan haɗa kiɗa da kwamfuta, ya ɗauki murya, ya zauna ya tace su, ya daidaita har su zama abu guda. A takarda ba injiniyan komai ba ne. Mawaƙa ne suka laƙaba masa sunan, ya bi shi har gida.

Yawancin masu ba shi aiki bai taɓa ganin fuskarsu ba. Su turo murya ta waya, su ce a sa mata kiɗa mai zafi, ya sa. Su ce a ƙara ganga, ya ƙara. Bayan kwana biyu su ce a mayar yadda yake da farko. Ya saba, har ya daina tsaki.

Wadda ake kira Zabiya kuwa da ƙafarta ta hau matakalar, tana hutawa a hanya, ƙaninta na biye da ita riƙe da jakarta. Ta ba shekara hamsin baya. Shekara ashirin da biyar ta yi tana amshi a bayan wasu mawaƙa, ta yadda duk mai sauraren rediyo ya san muryarta, amma ba wanda zai gane ta a titi. Ta zauna, ta ƙare wa ɗakin kallo, sannan ta ce:

"Ƙanena, ba zan ɓoye maka ba. Likita ya ga ƙari a maƙogwarona. Nan da mako bakwai za su yi mini aiki. Ya ce magana za ta dawo in Allah ya so, amma waƙa kada in sa rai. Ina da waƙoƙi tara nawa na kaina, ban taɓa rera wa kowa ba. Ina so in bar su kafin a taɓa ni."

Injiniya ya ce, "Anti, mako bakwai ya yi kaɗan, amma za mu yi."

Suka yi kuwa. Ya ture sauran ayyukansa gefe. Da safe take zuwa, lokacin da muryar ba ta gaji ba, da ruwan ɗumi a filas da littafinta na waƙoƙi wanda bangonsa ya yage. Awa ɗaya take iya yi, wata rana ma ba ta kaiwa, sai muryar ta fara tsagewa, ta fito daga lungun ta zauna tana murza wuya. Shi kuma da yamma ya gina mata kiɗa a kewaye da abin da ta rera, mai sanyi, ba hayaniya, ganga can ƙasa-ƙasa. Saura kwana biyu a kwantar da ita suka ɗauki baitin ƙarshe na waƙa ta tara. Ta cire abin kunne ta rataye, ta ce, "To, na sauke." Bai taɓa jin daɗin wani aiki kamar wannan ba.

Aka yi mata aiki lafiya. Don ta samu abin saurare a gadon asibiti, ya haɗa uku daga cikin waƙoƙin sama-sama ya tura wayar ƙaninta, ya ce ɗanɗano ne kawai, ainihin aikin yana tafe.

Duk muryoyin da yake ɗauka a wani ɗan akwatin ajiya yake zuba su, wanda masu sana'ar ke kira had-dis, ana jona shi da kwamfuta ta waya. Ƙa'idarsa akwati biyu ne, duk abin da ke cikin wannan yana cikin wancan. Amma a makon da Zabiya take asibiti wani kamfanin talla ya turo masa aikin gaggawa da bidiyo masu nauyi, bai da wurin zuba su, sai ya share akwati na biyu, da niyyar gobe ya sake kwafe komai. Gobe ta zama jibi. Kwana goma sha biyu suka wuce.

Wata safiya yana cikin aiki a kan waƙa ta huɗu, mai fenti ya ƙwanƙwasa ƙofa. Injiniya ya miƙe da sauri, ƙafarsa ta harɗe wayar, akwatin ya zamo daga tebur ya bugi siminti. Faɗuwar ba wata mai ƙara ba ce. Ya ɗauka, ya share masa ƙura da hannun riga, ya mayar ya jona. Maimakon ɗan gurnanin da ya saba ji, sai ya ji ƙas, ƙas, ƙas, kamar agogon bango. Ya cire ya sake jonawa. Ya canza waya. Mai fenti yana tsaye bakin ƙofa yana tambayar ko zai ara masa caja, shi ko jin sa ba ya yi.

Ya kai wa Dogo mai gyaran kwamfuta, abokinsa tun suna makaranta. Dogo ya kara akwatin a kunne, ya taɓe baki, ya ce ya bar masa shi. Daga nan ya aika da shi wurin wani da ya fi shi kayan aiki. Kwana tara Injiniya yana zarya shagon. A rana ta goma Dogo ya ajiye masa akwatin a kan gilashin kanta, ya ce:

"Mutumina, allurar da ke karanta shi ta kankare farantin ciki. Ba abin da ya rage. Sai dai ka ɗauko daga na biyun."

Injiniya ya jawo akwatin gabansa.

Dogo ya dube shi da kyau. "Kar ka ce mini."

"Na share."

Kiɗan yana nan, domin a cikin kwamfutar yake. Murya ce ta tafi. Abin da ya rage a duniya na muryar Zabiya a waƙoƙinta shi ne ukun nan da ya tura ta waya, waɗanda waya ta matse ta rage musu kyau, kiɗa da murya a cakuɗe. Sauran shidan babu su ko'ina.

Ƙaninta ya riƙa kira. "Injiniya, Yaya tana tambaya. An sallame ta, tana gida." Shi kuma ya ce ana kan aiki, aikin ne ba ya son gaggawa. Da ya faɗa sau ɗaya, na biyu bai yi masa wuya ba.

Matarsa malamar makaranta ce, ido gare ta. Wata yamma tana duba littattafan ɗalibai a falo, shi kuma yana zaune ya tasa shayi a gaba har ya huce, ta ajiye jan bironta.

"Baban yara, kwana nawa rabon da ka dame mu da ƙwanƙwasa tebur? Gidan ya yi tsit. Me ya faru?"

Ya gaya mata duka. Da ya gama ta ce, "Gobe ka shirya ka je ka same ta. In kana so in raka ka."

"In ce mata me? Matar da ko magana ba ta iya yi? Ba za ta iya sake rera ko baiti ɗaya ba."

"Shi ya sa za ka je. Nata ne, ita ya kamata ta fara sani."

"Ki ba ni mako biyu. Akwai abin da zan gwada."

Ta ɗauki bironta. "Ni ba ni ke da mako biyun ba, balle in ba ka."

Abin da zai gwada ya san shi tuntuni. Akwai manhajar da ake ba wa muryar mutum ta saurara har ta koya, daga nan duk wanda ya rera waƙa sai ta juya muryarsa ta koma ta wancan. Sau biyu wasu suka nemi ya yi musu irin wannan da muryar wasu mawaƙa ba da saninsu ba, ya ƙi, har ya yi musu wa'azi. Yanzu ya zauna ya tsame muryar Zabiya daga waƙoƙi ukun, ya tono tsofaffin amshinta daga waƙoƙin mutane, ya zuba wa manhajar. Hoton kowane shafi na littafinta yana cikin wayarsa, karin waƙoƙin kuwa yana kansa, don ya ji kowacce fiye da sau ɗari. Bai yarda ya kira wata mawaƙiya ba, kada maganar ta fita. Shi da kansa ya shiga lungun barguna ya tsaya gaban makirufo.

Muryarsa ba ta waƙa ba ce. Ranar farko zafi ya sa ya bar ƙofa a buɗe, sai ga mai fenti ya leƙo yana cewa, "Injiniya, lafiya? Na ɗauka akuya ce ta maƙale a bututu." Ya yi yaƙe, ya rufe ƙofar.

Amma da ya zuba abin da ya rera a manhajar ya danna, sai muryar Zabiya ta fito daga sifika. Ita ce, har da ɗan kaushin nan nata idan ta sauka ƙasa. Ya kashe, ya fita ya zauna a matakala, ya daɗe, sannan ya dawo ya ci gaba. Kwana goma sha ɗaya ya yi yana rerawa, yana gyarawa harafi-harafi, yana tuna inda take ja da inda take saki. Ya riƙa gaya wa kansa cewa waƙoƙinta ne, kalmominta ne, muryarta ce, shi dai gada ce kawai. A gida matarsa ba ta sake tayar da maganar ba, shi kuma ya fi son ta yi masa faɗa da wannan shirun.

Ranar saurare Zabiya ta zo da siririn gyale naɗe a wuya. Ta rame. Maganarta raɗa ce mai kaushi, sai ka matso kake ji. Ya ba ta kujerarsa ta tsakiyar sifikun, ƙaninta ya zauna a benci, shi kuma ya tsaya jikin bango.

Ya fara da ukun na gaskiya, waɗanda ya wanke iya ƙoƙarinsa. Ta lumshe ido tana gyaɗa kai. Sai ta huɗu, wadda ta yi wa mahaifiyarta. Ƙaninta ya riƙa kaɗa ƙafa, yana cewa, "Kai, Yaya, wannan ita ce za ta tashi gari." Ita kuwa ta buɗe ido. Da aka kai tsakiya ta ɗaga hannu, Injiniya ya tsayar. Ta juya yatsa alamar a mayar baya. Ya mayar. Ta saurari baiti na biyu, ta sake juya yatsa. Sau uku.

Sannan ta yafito shi. Ya matso ya durƙusa kusa da kujerar.

"Ƙanena," ta ce a hankali, "wa ya rera wannan?"

"Anti, muryarki ce."

"Na ji muryata ce. Na ce wa ya rera." Ta haɗiye yawu da ƙyar. "Wannan layin dogo ne. Da ƙarin nan a wuyana ban taɓa kai shi ƙarshe da numfashi ɗaya ba. Sau biyu nake tsayawa, har na ce maka ina jin kunya, ka ce in bar shi haka ya fi daɗi. Wannan ta wuce shi a guje. Mai wannan numfashin lafiyarsa ƙalau."

Ya shirya amsoshi tun a gida. Zai iya cewa ya yanke numfashin ne a wurin tacewa, kuma ana yin haka. Ya buɗe baki, ya ga yadda take kallonsa, ba da fushi ba, da jira. Sai ya faɗa mata komai: akwatin, da sharewar, da faɗuwar, da ƙaryar da ya yi ta yi a waya, da manhajar, da cewa shi ne ya tsaya a lungun can ya rera.

Ƙaninta ya miƙe tsaye. Ya zage shi tas, ya kira shi macuci, ya ce wata guda ana raina musu hankali. Injiniya bai ɗago kai ba. Can ƙanin ya gaji, ya tsaya yana kallon sifikun. Da ya sake magana muryarsa ta sauka.

"Amma Yaya, tsakani da Allah, ni da na tashi a gabanki ban gane ba. Wa zai gane? Aikin ya yi kyau. Mu fitar da su haka, maganar ta tsaya a ɗakin nan."

Injiniya ya ji wani ɓangare na zuciyarsa yana fatan ta yarda.

Zabiya ta girgiza kai. "Shekara ashirin da biyar ina rera wa mutane, sunansu a sama. Yanzu kuma wani ya rera, sunana a sama?" Ta juyo wurin Injiniya. "Akwati ya faɗi, wannan tsautsayi ne, da ka zo ka gaya mini da mun yi kuka tare. Amma ka zaunar da ni a kujera, ka kunna mini, kana kallona." Tari ya sarƙe ta. Ƙaninta ya miƙa mata ruwa, ta sha, ta tashi. Injiniya ya kai hannu zai taimaka mata a matakala, ta kama bango.

Maganar ba ta tsaya a ɗakin ba. Ƙanin ya faɗa wa mutum biyu, biyu suka faɗa wa ashirin. Mawaƙa uku suka janye ayyukansu. Wani ya turo saƙo yana tambaya, cikin raha wai, ko muryar da ke cikin waƙarsa ta bara tasa ce. Waɗanda suka fi ba shi haushi su ne masu kira a asirce suna cewa sun ji ya ƙware, ko zai yi musu irin ta Zabiya. Ya riƙa zuwa sutudiyo kullum, ya zauna, wata rana ko kwamfuta ba ya kunnawa. Matarsa ba ta ce ai na gaya maka ba. Ta dai sayo masa sabon akwatin ajiya ta ajiye a kan tebur ba tare da ta yi magana ba.

Bayan mako biyar, wata hantsi, aka ƙwanƙwasa. Zabiya ce, ita kaɗai. Muryarta ta ɗan ƙara ƙarfi. Ba ta amsa doguwar gaisuwarsa ba sai da kai. Ta ce abu uku suka kawo ta. Na farko, ukun nan na gaskiya za ta fitar da su yadda suke, da duk lahaninsu, ya ba ta. Na biyu, kiɗan sauran shidan ya zuba mata a filashi, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, domin akwai 'yar ƙawarta mai murya da za ta koya wa waƙoƙin, kuma a wani sutudiyon za su ɗauka.

"Kada ka ji haushi," ta ce. "Ba zan iya sake shiga lungun can ba."

"Ba ni da bakin jin haushi, Anti."

"Na uku, abin nan da ka koya wa muryata. A gabana za ka kashe shi."

Ya zauna ya buɗe kwamfutar. Ya nuna mata inda manhajar ta ajiye muryar, da waƙoƙi shidan da ya haɗa, ya yi musu alama duka. Ya ɗora yatsa zai danna, sai ta taɓa masa kafaɗa.

"Tsaya. Sa mini ta huɗun nan tukuna."

Ya kunna. Ta zauna a bakin benci, jakarta a cinya, ta saurara daga farko har ƙarshe. Leɓɓanta suna motsi tare da waƙar, ba sauti. A dogon layin nan ta tsaya sau biyu ta ja numfashi, muryar da ke sifika ta wuce ta bar ta, sai da ta hanzarta ta cim mata. Injiniya ya kafa ido a kan karyayyen maɓallin fiyano har waƙar ta ƙare.

Ta goge fuska da gefen gyalenta. "Ka iya aiki, ba a hana ka wannan ba," ta ce. "Goge."

Ya danna. Kwamfuta ta tambaya ko ya tabbata, ya ce ya tabbata. Ta sa shi ya buɗe kwandon shara na kwamfutar ya zubar, ashe ta tambayo yadda ake yi kafin ta zo. Ya zuba mata kiɗan da waƙoƙi ukun a filashi, ta ƙulle a bakin gyale.

A bakin ƙofa ya ce, "Anti, ki yafe mini."

Ta tsaya, ba ta juyo ba. "Ina ƙoƙari. Ka bar ni in yi a hankali."

Waƙoƙi ukun sun fito bayan wata biyu. Ba su tashi gari ba, amma ana sa su a rediyo jefi-jefi, kuma a karon farko mai gabatarwa yana faɗin wadda ta rera. Shidan da 'yar ƙawarta ta ɗauka Injiniya bai nemi jin su ba. Aiki ya dawo masa sannu a hankali, yawanci daga mutanen nesa da ba su san labarin ba, masu turo murya ta waya su ce a ƙara ganga. Zabiya ba ta sake hawa matakalar ba. Sau ɗaya suka haɗu a layin kantin magani, ta amsa gaisuwarsa, ta tambayi matarsa da yara, aka kira lambarta ta wuce.